Wa Ka Kira Ubangiji? Tarihin Kalmar Kiriyos da Abin da Ya Shafe Mu

A ƙasar Girka ta yau, idan ana son a kira namiji cikin ladabi, direban tasi ne ko malamin makaranta ko mai sayar da gurasa, kalmar da ake sa wa a gaban sunansa ita ce kiriyos, mace kuwa kiriya. Matsayinta bai wuce na “malam” da “malama” a bakinmu ba. Amma idan safiyar Lahadi ta yi aka shiga majami'u, da wannan kalma dai ake kiran Mahalicci ana roƙon jinƙansa. Ita kanta Lahadin sunanta a Girkanci Kiriyaki, wato ranar Ubangiji. Kalma guda ke nan mai ƙafa ɗaya a bakin titi, ɗaya a wurin ibada, kuma ta kai kimanin shekara 2,500 tana wannan tafiya.

Abin da nake gani a tarihinta shi ne laƙabin girma ba ya tafiya shi kaɗai. Duk sa'ad da mutum ya kira wani da shi, akwai abin da ya miƙa, akwai kuma abin da yake da haƙƙin ya nema. Wanda bai saba tambayar wa ya faɗa, wa aka faɗa wa, me kuma aka miƙa ba, zai yi tuntuɓe a karatun littattafan addini, zai kuma yi tuntuɓe a zamansa da manya. Mu da muke zaune a tsakiyar wasu al'ummu, harshenmu yana kai da kawowa kullum tsakanin Hausa da Faransanci da Ingilishi da Larabci, mun fi kowa bukatar wannan tambaya.

Tushen kalmar shi ne kiros, ma'ana iko ko ƙarfin zartarwa, kuma da haruffan boko ana rubuta ta kyrios. A birnin Atina na ƙarni na 5 da na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ta fi zama kalmar gida da ta shari'a a kan ta ibada. Kiriyos shi ne mai gida, wanda dukiya da yara da mata ke ƙarƙashin hannunsa. Kowace mace 'yar gari tana da nata kiriyos tun daga haihuwa har mutuwa: da fari ubanta, in an yi mata aure mijinta, in mijin ya rasu ɗanta da ya balaga ko namiji mafi kusa a dangi. Ba ta tsayawa gaban alƙalai ta yi magana da bakinta, shi ne ke tsaya mata. Isayos, wani marubucin jawaban kotu, ya ambaci dokar da ta hana mace ƙulla cinikin da ya wuce kuɗin awo ɗaya na sha'ir, awon da suke kira medimnos, kimanin lita 52. Ikon ya kai har mutum ya yi wasiyya da matarsa. Pasiyon, wanda ya fara rayuwa a matsayin bawa ya ƙare cikin manyan masu banki na Atina, da zai mutu wajen shekara ta 370 kafin Miladiyya, ya bar wasiyyar a aurar da matarsa ga Formiyon, tsohon bawansa da ya 'yanta.

Tsarin ya tauye mata, babu mai musun haka. Sai dai abin lura shi ne ikon da nauyinsa yake tafe. Kiriyos ne ke ciyarwa, shi ke nemo wa 'yarsa ko ƙanwarsa miji, shi ke haɗa mata dukiyar da za ta shiga ɗakin aure da ita. Wannan dukiya ba ta zama halaliyar ango. Idan aure ya mutu dole ya mayar da ita, in ya yi jinkiri doka ta ɗora masa ruwa na kashi 18 cikin 100 a shekara. Marayan da aka cinye wa gado kuwa yana iya maka masu riƙonsa a kotu idan ya girma, kamar yadda Demostenis, shahararren mai jawabin nan, ya yi wa waɗanda aka damƙa wa dukiyar mahaifinsa. Mai iko yana da ikonsa, amma akwai ƙofar da za a je a kai ƙararsa.

Saboda haka ne Girkawa suka bambanta kiriyos da wata kalma makusanciyarta, despotes. Despotes shi ne mai bawa, wanda ya mallaki mutum kamar yadda ake mallakar jaki, kuma daga gare ta Turawa suka samo sunan da suke ba azzalumin mai mulki. Kiriyos ta fi karkata ga ikon da doka ta san da shi. Har ma ana siffanta abubuwa da ita: doka mai aiki, alkawarin ciniki da ya inganta, ranar da aka tsayar don shari'a. Babban zaman majalisar 'yan gari na Atina, wanda ake yi sau 10 a shekara don duba aikin masu muƙamai da batun abinci da tsaron gari, sunansa kiriya eklesiya. Aristotal, wanda ya rasu a 322 kafin Miladiyya, ya tambaya a littafinsa na siyasa wa ya kamata ya zama kiriyos a cikin gari, talakawa masu yawa ko masu dukiya ko mutum ɗaya gwani, sa'an nan ya karkata ga cewa dokokin da aka tsara da kyau su ne suka fi cancanta.

Bayan yaƙe-yaƙen Iskandar na Makidoniya, wanda ya mutu a 323 kafin Miladiyya, Girkanci ya zama harshen mulki da kasuwa daga Masar har Sham da abin da ya wuce nan. A waɗannan ƙasashe mutane sun daɗe da sabon kiran sarakunansu da abubuwan bautarsu da sunan ubangiji, sai kiriyos ta fara hawa sama. Busasshen yashin Masar ya adana mana dubban takardun mutanen wancan zamani, musamman waɗanda aka fara tonowa a garin Bahnasa a ƙarshen ƙarni na 19. A cikinsu akwai takardun gayyata zuwa walimar “ubangiji Sarafis”, wani abin bautarsu. Akwai kuma wata wasiƙa ta ƙarni na 2 Miladiyya da aka samu a yankin Fayum, wadda wani saurayi mai suna Apiyon ya aiko daga Italiya bayan ya shiga sojan ruwa na Rumawa. A layukan farko ya kira mahaifinsa kiriyos, a layukan da ke biye ya gode wa kiriyos Sarafis da ya tsirar da shi daga haɗarin teku. Takarda ɗaya, alƙalami ɗaya, amma babu mai hankalin da zai ce yaron yana bauta wa ubansa, ko yana ɗaukar gunkin a matsayin mai gida.

A Masar ɗin dai, a birnin Iskandariya, kalmar ta yi hawan da ya fi kowane. Yahudawan birnin tsiraru ne a tsakiyar wasu, jikokinsu sun fi jin Girkanci a kan Ibrananci, yanayin da ba baƙo ba ne ga duk wanda ya tashi a zango. A ƙarni na 3 kafin Miladiyya aka fassara Attaura zuwa Girkanci, kuma labarin da aka gada ya ce dattawa 72 ne suka yi aikin a zamanin sarki Batlamus na Biyu. Matsalar da ta taso ita ce sunan Allah mai haruffa huɗu, wanda ya zo kusan sau 6,800 a littattafansu, kuma suka daina furta shi saboda girmamawa. Idan mai karatu ya iso kansa sai ya ce Adonai, wato Ubangijina. Wasu daga cikin tsofaffin kwafe-kwafen fassarar, kamar guntayen da ake kira Fu'ad 266 da ke Alƙahira, sun bar sunan da haruffan Ibrananci a tsakiyar rubutun Girkanci. Amma manyan kundayen da Kiristoci suka kwafa a ƙarni na 4 Miladiyya kiriyos suka sa, a taƙaice da haruffa biyu da layi a samansu, alamar cewa wannan ba kiriyos ɗin kasuwa ba ne. Magatakardan sun ji haɗarin kalma ɗaya mai fuska biyu, suka yi mata shaida da alƙalami.

Yayin da kalmar ke hawa wajen ibada, sarakuna ma sun sa mata ido. Takwararta a Latin, harshen Rumawa, ita ce dominus. Agustas, Kaisar na farko, wanda ya yi mulki daga 27 kafin Miladiyya zuwa 14 Miladiyya, ya ƙi ta ƙememe. Marubucin tarihi Suwetoniyas ya ba da labarin ranar da 'yan kallo a gidan wasa suka tafa masa sa'ad da ɗan wasa ya ambaci ubangiji mai adalci. Ya tsawatar musu da hannu da fuska, washegari ya fitar da sanarwar zargi, ya kuma hana ko 'ya'yansa da jikokinsa kiransa da ita. Magajinsa Tibariyas ya riƙa cewa shi ubangiji ne ga bayinsa kawai, ga sojoji kwamanda, ga sauran jama'a shugaba. Waɗannan mutane ba waliyyai ba ne, ikon duniya yana hannunsu. Abin da suka sani shi ne Barume mai 'yanci yana jin kalmar a matsayin cewa shi bawa ne, kuma magana zarar bunu ce.

Ba a daɗe ba kunyar ta kau. A zamanin Niro, daga 54 zuwa 68, rasiɗan haraji na Masar sun cika da “Niro kiriyos”. Wajen shekara ta 67 ya tsaya a Koranti ya yi shelar yafe wa ƙasar Girka haraji, sai mutanen wani ƙaramin gari mai suna Akaraifiya suka sassaƙa dutse suna kiransa ubangijin duniya baki ɗaya. Ba a yi shekaru da yawa ba Niro ya kashe kansa, Kaisar Basfasiyan ya soke yafewar, haraji ya dawo, dutsen ya rage yana shaidar abin da aka sayar da arha. Domishiyan, wanda ya yi mulki daga 81 zuwa 96, an ruwaito cewa ya so a riƙa kiransa ubangiji kuma abin bauta. Mutanen fadarsa ne suka kashe shi, majalisar dattawa ta ba da umarnin a kankare sunansa daga gine-gine.

A nan ne kalmar ta fara cin rayuka. Yusufus, marubucin tarihi Bayahude, ya ruwaito cewa bayan faɗuwar ganuwar Masada wasu 'yan tawayen Yahudawa da aka kama a Masar sun jure wuta da azaba iri-iri, har da yaransu, don kada su kira Kaisar ubangiji. Kalmar da ya yi amfani da ita a nan despotes ce. Wajen shekara ta 155 a Simirna, wato Izmir ta Turkiyya a yau, aka kama Polikap, tsohon shugaban Kiristocin garin. Jami'an da suka ɗauke shi a karusa sun lallashe shi da cewa ina laifin ya furta kalmomi biyu, Kaisar kiriyos, ya ƙona turare ya tsira da ransa. Ya ƙi, aka kashe shi a filin wasa. Amma wanda ya fi fito da ma'aunin a sarari ɗan Afirka ne, Tatuliyan na Kartaj, a Tunisiya ta yau. A littafin kariya da ya rubuta wajen 197 ya bayyana cewa ba ya jin nauyin kiran Kaisar ubangiji bisa al'adar mutane, muddin ba a tilasta masa ya faɗe ta a madadin Allah ba. Furucin bai canza ba tsakanin gaisuwar fada da gaban kaskon turare. Abin da ake neman a miƙa ne ya canza.

Littattafan Sabon Alkawari da Girkanci aka rubuta su, a tsakiyar wannan hayaniya, kuma kiriyos ta zo a cikinsu sama da sau 700 da kowace irin fuska tata. Mai gonar inabi kiriyos ne, mai bawa ma haka. Manyan malaman Yahudawa sun kira gwamna Bilatus da ita. Mai gadin kurkukun Filibi ya kira Bulus da Sila da jam'inta. Maryamu Magadaliya ta kira wanda ta zaci mai lambu ne da ita. An ce Saratu ta kira mijinta Ibrahim da ita. A babi na 19 na Linjilar Luka, masu ɗan jakin da aka kwance da wanda aka kwance shi dominsa duk kalma guda aka ba su, a jimloli biyu masu bin juna. A wurare da dama kuma kiriyos tana tsaye ne a gurbin sunan Allah, musamman inda aka jawo nassi daga tsofaffin littattafai. Ita ce kuma kalmar da Kiristocin farko suka taƙaita imaninsu ga Yesu da ita. Masana sun daɗe suna jayayya kan inda wannan amfani ya samo asali. Bajamushe Wilhelm Bousset, a littafinsa na 1913, ya ce daga masu bautar gumakan ƙasashen Girkanci aka aro shi. Waɗanda suka saɓa masa sun kafa hujja da wata gajeriyar addu'a ta harshen Aramiya da Bulus ya bari ba fassara a ƙarshen wasiƙarsa ta farko zuwa ga mutanen Koranti, wadda ke nuna cewa mabiyan Falasɗinu ma sun riga sun yi wannan kira da harshensu.

Wannan ya kawo mu ga muhawarorin da ke yawo a wayoyinmu da majalisunmu. Wani zai tashi ya ce kiriyos ba ta nufin komai sai “yallaɓai”, saboda haka masu fassara sun yi ha'inci. Wani zai mayar masa da cewa duk inda aka ce wa Yesu kiriye an shaida allahntakarsa. Kowanne ya ɗauki rabin gaskiya ya yi sanda da ita. Matar da ta zaci tana magana da mai lambu ladabi take yi. Bulus kuwa, inda ya ɗauki lafazin da Annabi Ishaya ya yi game da Allah ya ɗora a kan Yesu a wasiƙarsa ga Filibiyawa, ya wuce ladabi nesa, kuma da saninsa ya yi. Kirista ya yi imani da wannan, Musulmi bai yi ba, kuma saɓanin na aƙida ne wanda ƙamus ba zai raba ba. Abin da ƙamus zai iya shi ne ya hana mu yi wa juna ƙarya. A unguwannin da Bahaushe Musulmi ke haya a gidan Kirista, ko 'ya'yansu ke zama a benci ɗaya a makaranta, jifan maƙwabci da zargin ha'inci kan kalmar da ba ka san tarihinta ba wasa da wuta ne a kusa da bunu.

Mai karatun Alƙur'ani ma bai kamata abin ya zo masa baƙo ba, domin kalmar rabb ta bi makamanciyar wannan hanya. Ita ce ke cikin Fatiha ga Allah Maɗaukaki, amma a Suratu Yusuf an yi amfani da ita ga sarkin Masar, inda Annabi Yusuf (AS) ya roƙi abokin zamansa na kurkuku ya ambace shi a wurin mai gidansa. Larabawa har yau suna kiran mai gida rabbul baiti, alhali idan aka sa mata alif da lam ita kaɗai, malamai sun ce ba ta halatta ga kowa sai Allah. A hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira, Manzon Allah (SAW) ya hana bawa kiran mai shi da rabbi, ya nuna masa sayyidi, ya kuma hana mai bawan cewa bawana, ya nuna masa ya ce yarona ko yarinyata. An gyara bakin na ƙasa, an kuma gyara bakin na sama.

Ita Hausa fa? Ubangiji kalma ce ta cikin gida: uba da giji, wani tsohon lafazi na gida. A tsohuwar Hausa ubangiji shi ne mai bawa, macen uwargijiya, jam'insu iyayengiji, kuma wa ubangijinsa ne bawa ke biyan murgu idan an bar shi ya nemi na kansa. Da malamanmu suka zo fassara rabb a karatun zaure da wajen tafsiri, ita suka ɗauka. Da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, ita aka ɗauka don kiriyos. Sannu a hankali, bauta tana gushewa, kalmar ta tattara ta koma sama, har yau idan Bahaushe ya ce Ubangiji babu mai tambayarsa wanne. Mutane kuma aka bar musu maigida da ubangida da uwargida. Aikin da magatakardan Girkanci suka yi da layi a saman haruffa, harshenmu ya yi shi da raba kalmomin gida biyu. Wannan gado ne mai daraja, kuma Musulmi da Kirista na Hausa sun yi tarayya a cikinsa.

Ita kiriyos ɗin ma ta iso bakinmu ba mu sani ba. Daga gare ta aka ƙera kiriyakon, wato na Ubangiji, sunan ɗakin ibada. Ƙabilun Jamus suka are shi, ya zama sunan majami'a a Jamusanci da Ingilishi, daga Ingilishi kuma muka samo coci. Sunan Kirilos, wanda Turawa ke cewa Siril, daga gare ta yake, kuma da sunan wani Kirilos na ƙarni na 9 ake kiran haruffan da Rashawa ke rubutu da su. 'Yan'uwanmu na Sudan suna zaune a ƙasar da masarautun Nuba na Kirista, tun daga ƙarni na 6, suka yi ɗaruruwan shekaru suna rubuta addu'o'in Girkanci a duwatsun kabari a Dongola da Faras. Afandi da suka sani kuwa ta biyo ta hannun Turkawa ne daga wata kalmar Girkanci dabam mai ma'anar mai iko. Sauran harsunan da muke ji kullum ma hanyar ɗaya ce. Monsieur da Seigneur na Faransanci tsatso ɗaya ne, daga kalmar Latin mai nufin dattijo, ɗaya ta sauka ga kowa, ɗaya ta hau ga Allah. Lord na Ingilishi asalinsa mai tsaron gurasa, wato wanda rumbu ke hannunsa. Malam ɗinmu daga mu'allim yake, ga shi yau ana kiran wanda bai taɓa riƙe allo ba da shi.

Mai karatu yana iya cewa wannan duka ya nuna akasin abin da nake faɗa. Tunda kalmar da aka kashe Polikap a kanta yau direban tasi ake kira da ita, ashe laƙabi iska ne, yana lalacewa kamar tsohon kuɗi, babu abin damuwa. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba na cikin masu son a daina “ranka ya daɗe” da “yallaɓai” da “Allah ya ja zamaninka”. Gaisuwa da rusunawa ga dattijo da sarkin zango suna cikin abin da ya riƙe mu a ƙasashen da muka zauna, kuma durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Amma kalmar ba ta yi sauƙi don kanta ba. Ta yi sauƙi ne a inda babu mai neman komai da ita sai ladabi. Mutumin Atina na yau da ya ce wa direba kiriye kuɗin mota kawai zai biya. Mutumin Simirna da aka ce ya faɗe ta, imaninsa ake nema. Ko a yau, duk inda laƙabi ya zo da sharaɗin ka rufe ido a kan gaskiya, nauyinsa na da ya dawo.

A nan ne nake jin tsoro game da kalmar ubangida. Kakanninmu fatake sun san wani irin maigida a Salaga da Kumasi da sauran zangunan goro da shanu. Shi ke saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an ba da bashi, in mai saye ya gudu shi ke shiga tsakani. Ana girmama shi, yana cin la'adarsa, amma sunansa yana tsaye ne a kan amana, ranar da ya ci amanar baƙo fatake sun sauya masauki. Wannan shi ne ikon da ke da nauyi, mai ƙofar kai ƙara. Ubangidan siyasa na zamaninmu sau da yawa yana son kirarin ba tare da kayan ba. Mu kuma da muke tsiraru, muna bukatar mai tsaya mana wajen takardar shaidar ɗan ƙasa, da rumfa a kasuwa, da filin makaranta ko maƙabarta, jarabar ta fi ƙarfi a kanmu. Sai ka ji ana ce wa ɗan Adam shi ne gatanmu duniya da lahira, ko in ba shi ba babu mu, ana miƙa masa ƙuri'ar unguwa sukutum saboda buhun shinkafa da alkawarin baki. Mutanen Akaraifiya ma yafewar haraji suka gani suka sassaƙa dutse.

Shawarata ga matasanmu masu rubutu da masu wa'azi da masu waƙa guda biyu ce. Idan kun ci karo da “ubangiji” a fassarar kowane littafi, naku ko na maƙwabcinku, ku nemi sanin kalmar asali, wa ya faɗe ta, a gaban wa, kafin ku hau mumbari ko ku danna tura saƙo. Idan kuma za ku ba wani mai rai laƙabi, ku auna shi da ma'aunin Tatuliyan da na 'yan Atina a haɗe: shin abin da ake nema a wurina ladabi ne ko lamirina, shi kuma wanda zan kira ubangida wane kaya ya ɗaukar mini, ina zan kai ƙararsa in ya yar da shi? Babba juji ne, in ji Hausawa, wanda bai yarda a zuba masa shara ba bai kai a kira shi babba ba. Iyayenmu sun wahala kafin su raba Ubangiji da ubangida. Allah ya ba mu ikon riƙe kowanne a muhallinsa.